Zanzaro Biyu

Shekara guda ke nan da Kawu ya kafa mini doka: duk wani abu na ƙarfe a gidansa, daga buta har kwaɗon ƙofa, kada in kuskura in taɓa. In na je gaisuwa aka kawo fura, a ƙwarya ake ba ni, da ludayin duma. Ban kuma ga laifinsa ba.

Dangin mahaifiyata a nan Aujara mabusa ne. Kakanmu bai bar garke ba, bai bar rumbuna ba, kakaki ya bari, dogo, ya fi mita biyu, gaɓa biyu da ake zura ɗaya cikin ɗaya. Tun muna cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991, Kawu yake saɓa shi ya bi tawaga zuwa hawan salla. Da haƙoran gaba suka yi masa sallama sai ya miƙa wa babban ɗansa, wanda yake taubashina, mutumin da tun muna yara ban taɓa yin tuntuɓe ya rasa labari ba.

Saura kwana goma babbar salla aka sauko da kakakin daga rufin ɗaki. Taubashina ya kafa baki, ya cika kumatu, jijiyar wuya ta miƙe. Shiru. Sai wani ɗan huci kamar tayar keke tana sacewa. Kawu ya ce a kai wa maƙeran fari a Kano, su ne masu aikin tagulla da azurfa, su suka san kansa. Aka fara lissafin kuɗin mota. A nan ne ni, malamin firamare, da rigata cikin wando da biro a aljihu, na yi gyaran murya na ce, "Kawu, ai wannan ba sai an je Kano ba."

Abin da ya ja ni, wani bidiyo ne da na kalla a waya har sau uku. Wani Bature yana gyara bakin saksafon, wannan abin busa mai kama da lofe da Fela Kuti ya riƙa ratayawa a wuya, wanda Adolphe Sax, mutumin Beljiyam, ya yi wa rajista a Faransa a 1846. Bakin na tagulla ne da aka shafe da ruwan azurfa, ya tsufa, ya lotsa. Mutumin ya shimfiɗa samfefa a kan gilashi, ya riƙa goga gindin bakin a hankali har ya kwanta sumul, saboda a nan ake ɗaure ɗan siririn karan da yake kaɗawa ya ba da sauti. Yana gogawa sau biyu sai ya tsaya ya auna, don tazarar da ke tsakanin karan da ƙarfen a can tsini ba ta wuce milimita biyu zuwa uku ba. Na ga gogar. Awon ne ban riƙe ba. Kuma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa kakaki ba shi da wani kara, leɓen mutum ne yake kaɗawa a cikinsa. Ni dai na ga ƙarfe, na ga baki, na ce duk kanwar ja ce.

Kawu ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "To, Malam." Yadda ya ja wannan "Malam" ɗin ya isa mai hankali ya ajiye. Na zare gaɓar sama na yi gida, na bar ta ƙasa jingine a zaure.

Da na duba bakin a hasken rana sai na ga ai ga cutar nan a fili. Ya yi baƙi ƙirin, kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya kwanciya, ya ɗan zurma kamar bakin tsohon turmi. Na matse lemun tsami a toka na dirje shi, ya fito jawur yana ɗaukar ido. Da a nan na tsaya da yanzu ana sa mini albarka. Sai na ɓalle madubin uwargida daga bango, na kwantar da shi a tabarma, na ɗora samfefar da kafinta ya ba ni, irin wadda ake cin katako da ita.

"Malam, madubin aurena ne fa."

"Kimiyya ake yi," na ce da ita.

Na goga, na duba, zurmin yana nan. Na ƙara ƙarfi. Can sai na ga zurmin ya tafi, gefen bakin ma ya bi shi. Abin da ya rage ya yi kaifi kamar reza, ga wata 'yar ɓula da nake hango sararin sama ta cikinta. Na ce bari in gwada. Na kafa baki na hura, na cire da jini. Kwana biyu ina koyar da 'yan aji huɗu da leɓe kamar an ɗora ƙosai, ina cewa ƙofa ce ta buge ni.

Ɓular na fara cikawa da gam mai kama ƙarfe, ya kama yatsuna biyu ya bar ɓular. Daga nan na hau babur na nufi Jahun wajen wani mai walda, don kada labari ya zaga gari. Mutumin yana cikin haɗa ƙyauren gida. Na ce masa aikin yana son lallashi. Ya juya shi ya ce, "Ai ƙarfe ne, Malam." Ya sauke baƙin tabarau ya dangwala wuta sau ɗaya. Ɗaya tak. Na ga bakin kakakin da kakana ya busa, Kawu ya busa, ya naɗe kamar kitse a garwashi ya ɗiga a ƙasa. Mai walda ya ɗaga tabarau ya dubi ƙasa, ya dube ni, ya ce, "Wannan ƙarfen ba shi da kyau." Kuma ya karɓi kuɗinsa.

Mai gyaran rediyo ne ya ji tausayina. Ya tono kan wata tsohuwar tocila, ya huda, ya liƙa shi a bututun da dalma. In ka tsaya nesa, kuma kana da ciwon ido, sai ka rantse bakin kakaki ne.

Ranar jajibiri bayan la'asar na kai wa Kawu. Ya karɓa bai ce uffan ba, ya bi kan tocilar da babban yatsa yana neman wani abu. Daga baya na gane zurmin nan yake nema. Wurin zaman leɓe ne. Bakin uba da na ɗa ne suka cinye shi a hankali har ya dace da su, kamar yadda ƙotar fartanya take ɗaukar hannun mai ita. Shi na kankare a yini ɗaya.

Aka haɗa gaɓoɓin, taubashina ya hura. Shiru, irin na farko sak. Ana cikin jugum sai matar Kawu ta fito da tsintsiya a hannu, ta zare gaɓar ƙasa, wadda tun farko ban ko kalla ba, ta ɗaga ta saitin rana ta leƙa. Ta ce, "Ni ban ga haske ba." Ta zaro kara daga danga ta zura. Sai ga ɓurɓushin jar ƙasa yana zubowa, da busassun tsutsotsi. Zanzaro ne ya samu ɗaki babu haya, ya yi gini, ya tara wa 'ya'yansa abinci. Duk gyaran bai kai tsawon alwala ba.

Aka sake haɗawa. Wannan karon ya yi magana, to amma wace magana! Kakakin ƙwarai murya biyu gare shi, ta ƙasa da ta sama, da su yake bin karin harshe ya yi wa sarki kirari har mai saurare ya tsinci kalmomin. Tarihin Kano ya ce Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara sa a busa shi a Kano, kuma har yau ba kowa ake busa wa ba. Namu ya fito da murya ta uku, tsakanin hon ɗin tirela da kukan jaki. Jakin maƙwabci ya amsa. Na bayan gari suka karɓa. Wasu dattawa biyu da ke zaune a dakalin masallaci suka taso suna gyara hula, a zatonsu wani babba ne ya shigo gari ba sanarwa, suka tarar da ni tsaye da kumburarren leɓe.

An yi sallar nan kakakinmu yana rufin ɗaki. Bayan salla ni na biya kuɗin motar mutum biyu zuwa Kano, na biya tagulla, na biya aiki, har da abincin rana. Maƙerin, wani tsoho a lungun Kasuwar Kurmi, ya ɓalle kan tocilar da farce ya ce, "Wane maƙiyin Allah ne ya yi wannan?"

Na ce, "Yara ne, Baba."

Taubashina ya ce, "Zanzaro ne, Baba. Guda biyu. Ɗaya ya yi gini a ciki, ɗaya kuma ga shi nan a gabanka da riga cikin wando."

Sabon bakin ya yi kyau, yana kuma magana. Kawu ya shafa shi ya ce nan da shekara arba'in zai faɗa. Uwargida kuwa har yanzu a madubin nan take kwalliya, kuma kullum sai ta kira ni in zo in gaya mata ko janbakin ya zauna daidai, tunda ita ba ta ganin komai sai zane-zanen kimiyya.