Wasiƙar Kawu Ta Tafi Kon

A gidanmu na Gubuchi duk wanda ya iya latsa waya shi ne injiniya. Shi ya sa da aka ce manoman rake su cike fom ɗin bashin taki a intanet, ni Kawu ya aika a kirawo. Fom ya nemi adireshin imel. Kawu ya ce a rubuta "bayan masallaci".

Muka zauna buɗe masa Gmail. Sunansa harafi huɗu ne, su kuwa ba sa karɓar ƙasa da 6, ba sa yarda a wuce 30. Na haɗa da sunan mahaifinsa, mai hamza irin ta Sa'adu da Mu'azu, aka ce ba a san ta ba. Ƙa'idar imel ta duniya, RFC 5322 ta 2008, ta halatta alamar nan sarai, amma kowane kamfani da dokar gidansa: a nan haruffan a zuwa z ne, da lambobi, da ɗigo. Ƙ mai lanƙwasa ta laƙabinsa ma a bakin ƙofa aka tsayar da ita. Na sa layin ƙasa, wanda Yahoo ke karɓa hannu bibbiyu, nan ma a'a.

"To, cire hamzar," in ji Kawu, "amma in Baba ya tambaye ni a lahira, kai zan nuna."

Da na cire, aka ce wani ya riga mu. Na soka ɗigo a tsakiya, ashe Gmail ba ya ƙirga ɗigo, da shi da babu akwati ɗaya ne. Sai da muka liƙa "mairake" da shekarar aurensa na biyu muka samu shiga.

Shi kuwa fom ɗin taki bai yi gardama ba ko kaɗan. Ya ga alamar @, ya ga ɗigo a bayanta, ya yi kore shar, ya ce a jira saƙon tabbatarwa. Kawu ya dinga hawa tudun da sabis ke kamawa, safe da yamma, har aka rufe rajista. Ranar kasuwar Maƙarfi wani yaro mai cajin waya ya duba takardar da muka buga, ya nuna da farce: gmail.con.

M da N maƙwabtan juna ne a allon waya, kuma Kawu ne ya bangaje ni da gwiwar hannu yana feren rake, ina da shaidu. Shi dai ya shaida wa majalisa an kai wasiƙarsa wani gari wai shi Kon, kuma ni zan biya kuɗin mota in je in karɓo ta.