Kowa da Falonsa a Zangon Doha

Idan jirgi ya sauke mutum a filin jirgin Hamad da ke Doha, aka ce masa wanda zai ƙarasa da shi Guangzhou ko Delhi ko Landan sai nan da awa bakwai, abin da zai fara damunsa shi ne inda zai sa haƙarƙarinsa. Tun 2022 da Qatar Airways ya fara sauka Kano 'yan uwa suka yawaita a wannan zango, kuma kowa ya san mahaɗar: wani ƙaton tedi ruwan ɗorawa, tsawonsa ya kai mita 7, yana zaune da fitila kife a ka. A gindinsa ake rabuwa. Wasu su hau benen lantarki zuwa falon manya, wasu su tsaya kallon masu hawa, wasu su ja jaka su nemi lungu.

Abin da falon hutu yake sayarwa bai wuce huɗu ba: abinci, wurin wanka, wurin cajin waya, da kujerar da ba mai taka maka ƙafa. Da don waɗannan kaɗai ake zaɓe, da minti biyu ya isa. Sai dai kowane falo yana da ƙofa, kowace ƙofa tana da tebur, a bayan teburin kuma akwai ma'aikaciya mai murmushi wadda aikinta shi ne ta ce wa wani bismillah, ta ce wa wani a yi haƙuri. A gaban wannan tebur halin mutum yake fitowa fili, har wanda matarsa ba ta san yana da shi ba.

Ga Alhaji Mai Lissafi, ɗan Kantin Kwari ko ɗan kasuwar waya ta Farm Centre. Mutum ne da zai cika kwantena biyu a Caina gabansa bai faɗi ba, amma da an faɗa masa kuɗin shiga falo sai ya ce a ɗan dakata. Ya koma gefe, ya kama wayifai, ya kira yaronsa a Kano ko ƙarfe nawa ne. "Kai, nawa dala ta kwana a Wapa?" Ya buga, ya sake bugawa, ya girgiza kai. "Don in zauna kawai? Da kujerar za a ba ni in tafi?" Daga nan hanya biyu ce. Ko ya juya yana faɗin ai zama zama ne, ko kuma ya biya, wanda shi ne babbar asara ga masu falon. Alhaji ba hutu ya kawo shi ba, uwar kuɗi ya zo fanshewa. Zai fara da shinkafa da naman rago, ya bi da kaza, ya gwada wani abu kore da bai san sunansa ba don kawai yana cikin kuɗin, ya sha shayi har sai ya manta lissafin kofi, ya yi wanka ko bai yi gumi ba. Aljihun babbar riga kuwa ba don ado tela ya zurfafa shi ba: dabino, ayaba biyu, ƙaramin yogot, da 'yan ƙunshin sukari saboda otal. In kana son ganin hawan jini ido da ido, gaya masa tedin nan da ya wuce aikin wani ɗan Suwizalan ne mai suna Urs Fischer, kuma an yi gwanjonsa a New York a 2011 kan dala miliyan 6.8. Zai yi salati, ya sake ciro waya.

Mai Kati shi ba ya lissafi, don a ganinsa an riga an biya. Walat ɗinsa cike yake da katuna masu ruwan zinare, kuma ya yi imani duk ƙofar da ta ga zinare buɗewa take. Kai tsaye yake nufar Al Mourjan, falon 'yan bizines, mai wani ɗan tafki a tsakiya wanda ba na wanka ba ne, ba na alwala ba, na kallo ne kawai. Ya miƙa katin ShebaMiles na Gold da ya samu da zirga-zirgar Adis Ababa. A yi masa bayani cikin ladabi cewa Ethiopian Airlines ɗan ƙungiyar Star Alliance ne, Qatar Airways kuwa yana oneworld, ba inuwa ɗaya suke sha ba. Ya mayar, ya zaro Priority Pass. A ce masa wannan yana aiki, amma a falon Al Maha, ga hanya can. Ya ce shi nan yake so. Ya zaro na uku, wanda bayan dogon dubawa za a gano na rangwamen wani kanti ne a Abuja. Daga ƙarshe ya tafi Al Maha yana huci, ya kuma ja abokai uku da ya tsinta a hanya don su ga shi ma ba ƙaramin mutum ba ne. Abin da bai karanta ba shi ne ƙaramin rukunin Priority Pass ɗin nan dala 35 yake cira a duk shiga, haka kuma a kan kowane baƙo. Saƙon banki ne zai karanta masa bayan ya koma gida.

Yana da ƙane a wannan hali, wanda ya sayi tikitin bizines mai rangwame da suke kira Business Lite. Kujerar da ke zama gado tana nan tana jiransa a jirgi, amma falo ba ya cikin cinikin. Wannan shi ya fi ba ni tausayi, domin tun a jirgin farko ya ƙi cika cikinsa, yana tanadin wuri.

A irin wannan hayaniya Ɗan Raɓe yake samun abincinsa. Shi ba kati, ba bizines, amma ya fi masu katin sanin doka. Ya san mai Gold na Qatar, ko da a ikonomi yake, yana da nasa falon daban, kuma yana da damar shiga da baƙo ɗaya. Don haka yakan tsaya nesa kaɗan da ƙofa yana latsa waya, idonsa a kan huluna. Da ya hango zanna mai kyan kari sai ya taso da fara'a. "Ranka ya daɗe! Ashe tare muke. Ba ka shaida ni ba ko? Ɗaurin auren nan na Zariya." Da wuya ka sami babban mutum da bai taɓa zuwa ɗaurin aure Zariya ba, kuma ba wanda ke son a ce ya manta mutane, don haka Alhaji zai ce, "Af, ƙwarai kuwa, ya iyali?" Kafin a kai ga tambayar yara, jakar Alhaji ta koma hannunsa. Da an shiga kuwa shi ke nuna wa mai katin inda ake karɓar tawul.

Yallaɓai, wanda gwamnati ta tura taro, bai saba neman wurin zama ba, wurin zama ke nemansa. Matsalarsa ɗaya ce: yaron da ke riƙe masa jaka da wayoyi uku tikitin ikonomi aka yanka masa, tikitin bizines kuwa mutum ɗaya yake shigarwa. Sai a raba su a ƙofa. Yallaɓai ya shiga, ya harɗe, sannan ya tuna caja, maganin suga, da lambar ƙofar jirgi duk suna wajen yaron. Bayan kowane minti goma sai ka gan shi a saman bene yana ɗaga hannu, yaron yana ƙasa a tsaye, ya ɗaga kai yana jiran umarni.

Wanda ya fi kowa shan wahala, kuma shi ya ja wa kansa, shi ne Mai Bincike. Yawanci ɗan boko ne, malamin jami'a ko ma'aikacin ƙungiyar agaji. Sati biyu kafin tafiya ya kalli duk bidiyon da ke YouTube a kan falukan filin nan. Ya san Al Safwa na 'yan fes kilas ne, ya san fasalinsa daga gidan tarihin fasahar Musulunci na Doha aka ɗauko shi, kodayake ba shiga zai yi ba. Ya san Al Mourjan biyu ne, na kudu kusa da tedi, da na arewa mai kallon The Orchard, lambun nan na cikin gini da aka buɗe a 2022 gab da gasar cin kofin duniya. Sani ne ya hana shi zama. Ya shiga na kudu, ya ga an yi yawa. Ya hau ɗan jirgin ƙasan da ke cikin ginin ya tafi na arewa, a ce masa wanka sai ya sa suna ya jira. Ya tuna wani ya ce a can kudu layin ya fi sauri, ya dawo. A hanya ya tare wani bawan Allah da bai tambaye shi ba, ya yi masa bitar yadda ake gasa gahawa a gabanka a falon Cloud Nine na Adis Ababa, da yadda sanyin garin yake shiga ƙashi saboda tudunsa ya haura mita 2,300, da irin burodin da ake toyawa a falon Turkish Airlines na Istanbul. Garin neman gira ya rasa ido: awa bakwai ta ƙare, bai yi wanka ba, bai runtsa ba, abin da ya shiga cikinsa biskit ɗaya ne a tsaye. Amma idan ya dawo gida shi za a riƙa tambaya wane falo ya fi, kuma zai ba da amsa dalla-dalla.

Ustaz yana da katin shiga, tambayoyi ne suka fi katin yawa. An ce masa naman halal ne, ya ce wa ya yanka. Ya zauna, ya hango kwalabe jere a wani lungu, ya juya musu baya. Wani Bature ya zauna kusa da shi da kofi mai dogon wuya, ya tashi. Daga ƙarshe ya tattara ya koma masallacin filin, inda ba a tambayar kowa tikiti, ga darduma mai laushi, ga wurin alwala. Ni dai ban ga laifin wannan zaɓi ba. Laifin yana farawa ne idan ya haɗu da ɗan uwansa ustaz, aka shiga batun ƙasaru da haɗa salla, da ko mai jiran jirgi awa bakwai zai haɗa azahar da la'asar ko ya raba, har mai gyangyaɗi a sahun baya ya ɗauki takalmansa.

Mai Hoto ba ya ɗaukar lokaci. Minti ashirin yake buƙata: fasfo a kan tebur, katin shiga jirgi ya ɗan leƙo yadda kalmar bizines za ta fito, kofin gahawar da ba zai sha ba don ɗaci. A rubuta "Alhamdulillah" a ƙasa, a saka a sitatus, sannan a zauna ƙidayar waɗanda suka gani, musamman mutum ɗaya.

Sai Hajiya. Hajiya 'yar kasuwa ce, ta fara zuwa Dubai tun Mai Bincike yana firamare, kuma ba ta taɓa tambayar kuɗin falo ba, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. An nuna mata ɗakunan hutu na kyauta da ke filin, na maza daban na mata daban, masu kujerun kishingiɗa. Ta leƙa ta fito, don an ce ba a hira a ciki, ita kuwa ba ta ga amfanin zaman da ba magana ba. Takan zaɓi ƙofar jirgin da ba kowa, kusa da banɗaki, kusa da wurin caji. Ta shimfiɗa ɗankwali, ta jingina da jaka, ta buɗe leda: dambun nama, cincin, soyayyar gyaɗa, yaji a 'yar roba, goro a jiƙaƙƙen tsumma. Kofi ba ya rabuwa da jakarta, ruwan zafi kuwa da murmushi da nuni take samo shi a wurin masu sayar da gahawa. Cikin awa ɗaya wurin ya koma kamar tsakar gida ranar suna. Ga ɗaliba mai komawa Malesiya an ba ta ajiyar waya, ga wata 'yar Maraɗi da aka gano ashe kakanninsu ɗaya a Katsina, ga ɗalibin da bai yi sallama ba an kira shi. "Zo nan, ɗana. Ɗan gidan wa ne kai? Ka ci abinci?" A falon Hajiya ake jin farashin leshi na gaskiya, da wakilin kaya da ya fara ha'inci, da sunan likitan ƙashi mai kyau a Alƙahira. Ita ma tana da sharaɗin shiga, kuma ya fi na saman bene tsauri: gaisuwa, da amsa tambayar me ya sa har yanzu ba ka yi aure ba.

A gefen tabarmarta sau da yawa za ka ga wani dattijo a keken marasa lafiya, ɗansa na riƙe da fayil ɗin asibiti, Indiya za su. Shi ne mutum ɗaya a duk filin da yake buƙatar gado da wanka da shiru da gaske, kuma kuɗin da zai shiga da su an riga an ƙidaya su cikin na aiki. Hajiya ba ta tambayarsa komai, filon wuyanta take miƙa masa.

Akwai kuma wanda ya yi zaɓe daidai, daidan ya yi masa yawa. Ya sami falo mai kyau, ya ci, ya yi wanka, ya sami kujera a lungu mai duhu-duhu, ya ja hula ya rufe fuska. Ya dogara da abu biyu: za a kira jirgi da lasifika, kuma agogon hannunsa ba ya ƙarya. To falo ba tashar mota ba ce, ba mai zagayowa yana kiran saura mutum ɗaya, allo ne kowa yake dubawa. Agogon kuwa gaskiya yake faɗa, amma ta Kano, Doha kuma tana gaban Kano da awa biyu. Ya farka a natse, ya yi miƙa, ya ƙara shan shayi, ya taka a hankali zuwa ƙofar da ake rufewa minti 20 kafin tashi, ya tarar da mai shara shi kaɗai. Za ka same shi a teburin canjin tikiti yana nuna wa ma'aikaci tsintsiyar hannunsa, yana rantsuwa agogon nan tun daga Makka ya saye shi bai taɓa lattin minti ɗaya ba. Can kuma ya koma gefe ya kira gida. "Hajiya, a gaya wa direba kada ya fito yau. Wallahi mutanen nan ba su da tsari, jirgin ƙarfe tara suka tayar tun bakwai."