Yadda Kakata Ta Ci Bashin Taki Buhu 80,000

Duk ɗan Kanya Babba da ya je Kazaure ya karanto kwamfuta, in ya dawo gida ya zama makaniken kowa. Garin da ke da Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu, ga kuma makarantar kwamfutar nan ta jiha da ake ce wa Infomatiks, ai a ganin mutanenmu ko ruwan dam ɗinsa ka kurɓa ka iya gyaran waya. An kawo mini rediyo, an kawo tocila, wata ma injin markaɗe ta aiko da shi. Saboda haka ranar da Kawu ya kira ni ya ce ƙungiyarsu ta manoma za ta raba taki bashi, a biya in an sayar da riɗi da zoɓo, kuma so yake lissafin ya koma cikin na'ura, sai na ji kaina ya fasu. Yau dai an san darajar ilimi.

Na girka rumbun bayanai na MySQL a 'yar kwamfutata, na rubuta ajiyayyen umarni guda, wato irin wanda ake tanada a cikin rumbun, duk lokacin da aka kira shi ya yi aikinsa. Na sa masa suna rubuta_bashi, na yi masa gurabe biyar: sunan manomi, unguwarsa, yawan buhu, kuɗin da ake binsa, da wanda ya tsaya masa. Ƙanina kuma na yi masa ɗan shafin da zai riƙa cikewa, shafin ya miƙa wa umarnin.

To, MySQL yana da wata ɗabi'a. Ba ya tambayar wannan na wane gurbi ne, ƙirga kawai yake yi: na farko ya shiga gurbin farko, na biyu na biyu, har ƙarshe. Kamar a jera kwanukan tuwon suna babu alama, a ce wa yaro na farko na Liman ne, na biyu na mai unguwa. Muddin wani ya gusar da kwano ɗaya, Liman zai buɗe ya tarar da gaya ba nama, yaron kuma ya rantse bai saɓa umarni ba. Sannan ba ya yarda a tsallake gurbi. In manomi ba shi da mai tsaya masa, tilas ka rubuta NULL, ka sanar da na'ura a hukumance cewa babu.

Ana cikin haka Kawu ya leƙo ya ce a tsohon littafinsu kuɗi ake fara rubutawa kafin buhu, a bi yadda aka gada. Na ce an gama, Kawu. Na juya gurabe biyun nan a cikin umarni. Shafin ƙanina yana can yana aikinsa bisa tsohon jeri, ba wanda ya gaya masa an yi juyin mulki. Da suna ne ya faɗa gurbin kuɗi, da na'urar ta yi tsaye ta ƙi. Amma buhu lamba, kuɗi lamba, sai ta haɗiye ba ko tari. Ni har gobe ina kan bakana: Kawu ne ya ce a juya.

Aka bugo takardar a Babura, aka taru a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Sakataren ƙungiya ya gyara tabarau, ya fara da sunan kakata, da yake dattijuwa ce an sa ta a gaba.

"Taki buhu 80,000. Kuɗin da ake binta, naira 2."

Wuri ya yi tsit. Wani direba da ke gefe ya ƙirga da yatsu, ya ce tirela buhu 600 take ɗauka, ke nan Hajiya ta shigo da tirela 133 da ɗoriya cikin garin nan ba wanda ya ji ƙarar ko ɗaya. Gonar da ake magana kuwa ɗan fili ne a bayan gida, kuɓewa da yakuwa ne a ciki. Sakatare ya ci gaba: wane buhu 40,000, naira 1, wane buhu 120,000, naira 3. Ban taɓa ganin masu cin bashi sun yi wa mai lissafi addu'a irin ta ran nan ba. Har wani ya ce dama shi tun ina yaro ya ga alamar albarka a goshina.

Kafin magariba labari ya shiga gida. Kaka ta buɗe tsohuwar kwallarta ta tono kwandalar naira 2, irin wadda Babban Banki ya fitar a 2007 mutane suka ƙi karɓa, ta ɗaure a bakin zane ta aika a kira ni.

"Kai mijin banza, zo nan. Ungo, kai wa kawunka, na biya bashina. Buhu 2 na gani a ɗakina, saura 79,998. A kawo mini kafin ruwa ya sauka."

"Haba amarya, ai na'ura ce ta ruɗe."

"Da ta ce ina da bashi ba ku ce ta ruɗe ba."

A daren na kwashe komai na koma PostgreSQL. Shi tun fitowarsa ta 9.0 a 2010 ya yarda a kira gurbi da sunansa, daga ta 9.5 a 2016 kuma ake amfani da 'yar kibiyar nan: ka rubuta buhu => 2, kudi => 80000. Ko ka fara da kuɗi ko ka fara da buhu, kowa gidansa zai nufa. Ba sabon abu ba ne a duniya. Masu Oracle sun daɗe da kibiyarsu, masu SQL Server kuma alamar @ suke sa wa sunan gurbi. Akwai 'yan ƙa'idoji: in za ka gauraya, na jeri su fara zuwa sannan masu suna, kuma da zarar ka raɗa wa gurbi suna, PostgreSQL ba zai bari ka sauya shi da sauƙi ba, sai ka rushe umarnin ka sake gini, don kada masu kira da tsohon suna su yi ta sallama ba mai amsawa. Wannan ɓangaren, wallahi, ban ga abin kushewa a cikinsa ba. Da da shi na fara, da kaka ba ta zama dillaliyar taki ba.

Sai dai akwai garaɓasa ta biyu da ta ɗauke mini hankali. Tun fitowar 8.4 a 2009 ana iya mai da gurbi na ganin dama: ka tanadi abin da na'ura za ta cike da shi in mai kira ya yi shiru. Sharaɗinsa kawai, duk gurbin da ya biyo bayansa shi ma ya zama yana da nasa cikon. Gurbin mai tsayawa shi ne na ƙarshe, ya dace sarai. Lokacin gwaji ina neman sunan da zan ɗan ajiye a wurin, wanda ya fi kusa da bakina shi ne na Kawu. Na ce wa ƙanina daga yau ya huta da NULL, in babu mai tsayawa ya wuce kawai. Yaro da ya ji an ce ana iya wucewa, sai ya wuce wa kowa, har da waɗanda suka zo da masu tsaya musu riƙe da hannu.

Ba a gane ba sai bayan girbi, lokacin da wasu suka sayar da riɗinsu suka ɗaura jaka sai cirani Kano da Legas. Aka ce a fito da sunayen masu tsayawa, a bi su. Takarda ta fito: Kawu, Kawu, Kawu, tun daga sama har ƙasa. Ya tsaya wa mutumin da suke rigimar iyakar gona tun ina goye. Ya tsaya wa kaka. Ya tsaya wa kansa.

"Kai ɗan nan, yaushe na tsaya wa wannan?"

"Kawu, ba ka ce ka tsaya ba. Amma kuma ba a ce wani ne ya tsaya ba, ita kuwa na'ura in an yi shiru..."

Liman ya katse ni, ya ce shi a iya karatunsa shirun budurwa ake ɗauka izini, bai taɓa jin an ɗauki na dattijo mai furfura ba. Aka bushe da dariya, ban da mutum ɗaya.

Hukuncin da Kawu ya yanke a wurin shi ne: kiran gurbi da suna ya zauna, don shi ma ya ga amfaninsa, amma gurbin mai tsayawa ya koma na dole, wanda bai kawo mutum ba na'ura ta kore shi. Kwamfutar kuma ba a buɗe ta sai yana zaune. Mai karatu, in kana neman wanda zai tsaya maka a Kanya Babba, don Allah kada ka tunkari Kawu a bana.