Wasiƙa daga Filadelfiya a kan cinikin masu cafe ƙwallo

Zuwa ga taubashi, sarkin gardamar majalisar mai shayi,

Marubucin wannan wasiƙa, mazaunin birnin Filadelfiya a ƙasar Amurka, ya ga ya zama wajibi ya karantar da taubashinsa wata mas'ala da take raba abokai a wannan gari, domin abin kunya ne a ce mutumin da ya shafe shekaru yana tsara wa Arsenal 'yan wasa daga kan benci, yana korar koci yana naɗa wani kafin shayinsa ya huce, bai taɓa jin labarinta ba. Mas'alar ita ce ko ya dace ƙungiyar ƙwallon Amurka ta ba da gurabenta na zaɓen sababbin 'yan wasa domin ta karɓo gogaggen mai cafewa.

Sai an yi wa taubashi shimfiɗa tukuna, tun da shi duk ƙwallon da ta taɓa hannu fanareti yake kira. A wannan wasa da hannu ake ɗaukar ƙwallo, kuma kusan kowane hari yana bi ta hannun mutum ɗaya da ake kira kwatabak, wato mai jifa, wanda yake wurga ta ga abokan wasansa da suka sheƙa gaba. Waɗannan su ne masu cafewa, idan kuwa ɗayansu ya kai ta ƙarshen fili, ƙungiyarsa ta ci maki shida. Babbar gasar, NFL, ƙungiyoyi 32 ne a cikinta, ba a jefa kowa rukunin ƙasa, kuma a kowane watan Afrilu ana raba matasan da suka fito daga jami'o'i a zagaye bakwai, inda ƙungiyar da ta fi shan kashi ita take fara zaɓa. Damar zaɓen mutum ɗaya a wani zagaye ita ce gurbi, kuma ƙungiyoyi suna musayar gurabe da 'yan wasa a maimakon kuɗin sayen ɗan wasa da aka saba ji a Turai.

Abin da ya ba gurbi daraja shi ne iyakar albashi, wato adadin kuɗin da aka hana kowace ƙungiya ta wuce wajen biyan 'yan wasanta a shekara, wanda ya kai dala miliyan 279.2 a 2025. Tun yarjejeniyar 2011 an ƙayyade albashin sababbin shiga na shekara huɗu na farko, saboda haka matashin da ya fito da kyau yana yi wa ƙungiya aikin manya a kan kuɗin yara. Wanda ya karɓo gogagge kuwa sau biyu yake biya, ya ba da gurabe, sa'annan ya sa hannu a kan sabon albashi mai tsoka. Taubashi zai ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin matasa da yawa da aka zaɓa da ganga da kalangu ba a sake jin ɗuriyarsu, amma shekarar 2022 kaɗai ta isa ta nuna cewa maganar ba ta ƙare a nan ba.

A watan Maris na 2022 Las Vegas Raiders ta ba Green Bay gurbin zagaye na farko da na biyu ta karɓo Davante Adams, yana da shekara 29. Mutumin ya yi aikinsa, ya cafe ƙwallo 100 a kakarsa ta farko, amma ƙungiyar ta ci wasa 6 ta sha kashi a 11, ta sallami Derek Carr, mai jifan da suka yi jami'a tare, kuma a Oktoban 2024 shi kansa Adams ya tattara ya koma New York Jets. A cikin watan na Maris Kansas City ta miƙa wa Miami Tyreek Hill, wanda gudunsa yake firgita masu tsaron baya, ta karɓi gurabe biyar, Miami kuma ta ba shi kwantiragin dala miliyan 120 na shekara huɗu. Hill ya wuce yadi 1,700 a kowace kaka cikin biyun farko, wanda babban abu ne a ma'aunin masu cafewa, sai dai Kansas City, da take da Patrick Mahomes a wurin jifa, ita ta ɗauki kofin ƙarshe, Super Bowl, a Fabrairun 2023 da na 2024, har ma ita ta fitar da Miami daga gasar a Janairun 2024 cikin sanyin da ba a iya kwatanta wa mutumin da yake sa rigar sanyi biyu a hunturun gida.

Ciniki na uku shi ne wanda mutanen Filadelfiya suke ba da labarinsa da fara'a. A daren zaɓe, cikin Afrilun 2022, Eagles, ƙungiyar birnin, ta ba Tennessee Titans gurbi na 18 da wani na zagaye na uku, ta karɓo A.J. Brown, ta ba shi dala miliyan 100 na shekara huɗu. Brown yana da shekara 24 a lokacin, wato ya goge amma ƙarfinsa bai fara raguwa ba, mai jifan ƙungiyar kuwa, Jalen Hurts, yana kan ƙaramin albashin sababbin shiga, saboda haka akwai sarari a ƙarƙashin iyakar albashi. A kakarsa ta farko ya yi yadi 1,496, abin da ba wanda ya taɓa yi a tarihin ƙungiyar, kuma da Titans suka zo Filadelfiya a Disamba ya kai musu ƙwallo ƙarshen fili sau biyu, bayan kwana biyu aka sallami babban manajan da ya sayar da shi. Eagles ta kai wasan ƙarshe a Fabrairun 2023 ta faɗi, ta koma a Fabrairun 2025 ta lallasa Kansas City da ci 40 da 22. A irin wannan dare hukumar birni takan shafe turakun fitilun titin Broad da maiƙo don kada a hau, magidanta masu furfura kuma, sanye da koriyar rigar Brown mai lamba 11, sukan tsaya a ƙasa suna ƙarfafa wa samari guiwa har sai ɗaya ya kai sama. Marubucin ya tabbata da taubashi yana nan, da shi zai fara cire takalmi.

Ra'ayin marubucin, wanda yake karewa a shagon aski duk ranar Litinin har mai askin ya ajiye almakashi ya shiga gardamar, shi ne cewa mai cafewa ba ya tayar da ƙungiyar da ba ta da mai jifa, domin sai an jefo masa zai cafe. Idan akwai mai jifa nagari, kuma wanda za a karɓo bai wuce shekara 26 ba, a ba da gurbin zagaye na farko ba tare da waiwaye ba. Idan ya doshi 30, kada a wuce gurbin tsakiya, kamar yadda New England ta yi a 2007 da ta karɓo Randy Moss da gurbin zagaye na huɗu kacal, ya kai ƙwallo ƙarshen fili sau 23 a kaka ɗaya. Cinikin Stefon Diggs na 2020 ne yake ɗaure wa masu gardama kai, domin Buffalo ta samu mutumin da ya fi kowa cafewa a wannan kaka, sau 127, Minnesota kuma ta zaɓi Justin Jefferson da gurbi na 22 da aka ba ta, kowa ya koma gida yana murna.

Akwai abin da ya shafi taubashi kai tsaye. Stan Kroenke, mai Arsenal, shi ne mai Los Angeles Rams, ƙungiyar da ba ta zaɓi kowa a zagaye na farko ba daga 2017 zuwa 2023 saboda yawan musayar gurabe, kuma ta ɗauki kofi a Fabrairun 2022. Ya kamata taubashi ya riƙe wannan hujja da kyau, ya fito da ita a majalisa ranar da magoya bayan Chelsea suka taso shi gaba.

A isar da gaisuwa ga iyaye da uwargida da yara. A kuma tuna wa taubashi cewa kuɗin sharar bara bai iso ba har yanzu, nisan teku kuwa ba ya yafe shi.

Daga taubashinsa da ke Filadelfiya.