Masu Dara a Gindin Bedi

Da gero ya shiga rumbu a Safo, sai dara ta dawo gindin bedi. Gurabe 30 a ƙasa, wannan da tsinkaye 12, wancan da tsakuwa 12. Kafin a fara tafiya sai an gama zubi, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a jera uku a lokacin. Turawa masu wasan ces sun cika littattafai kan yadda ake buɗe wasa, har wani buɗin ya ci sunan tsibirin Sisili. Namu gwanayen ba littafi, amma tun a zubi ake gane halin kowa.

Akwai Malam Jinkiri. Zai ɗaga tsinken fari ya tsura wa ƙasa ido, ya kai hannu, ya janye, ya gyara hula. Shayi ya yi na fari, ya yi na biyu. Wanda ya hau babur zuwa Maraɗi sayen taki zai dawo ya iske tsinken a hannunsa. Abin haushin, idan ya ajiye, a gurbin da kowa ya hango tun ɗazu ne.

Abokin karawarsa Na-Gaggawa ne, mai watsa tsakuwa kamar yana ba kaji tsaba, bakinsa bai huta ba: "Yi mana, Alhaji, rana na tafiya!" Yakan kuma ci, wanda hakan ba adalci ba ne.

Mai kwaikwayo kuwa, inda ka sa nan zai sa kusa, har ya toshe kansa.

Amma sarkin fili bai taɓa zama ya buga ba. Yana tsugune a baya, goro a kunci, yana tari duk lokacin da hannu ya nufi gurbin da bai yi masa ba. In an ci, shawararsa ce. In dara ta ci gida, "Ai na faɗa maka tun tsinke na huɗu." Ka ce ya zauna, sai ya ce gwiwa.

Na ƙarshe shi ne mai kunnen ladan. Muddin yana ci, kiran salla bai kai gare shi. Da abokin wasa ya kafa doki, yana kai da komo yana ɗauke masa ƴaƴa, sai ya miƙe neman buta tun da sauran sa'a guda kafin la'asar, gefen babbar rigarsa ya share rabin gurabe.