Gudu Kowa Ya Iya, Lallaɓawa Ce Aiki

A unguwanninmu ba a cewa mutum ya iya babur sai ya wuce majalisa da gudun da zai sa dattawa su yi salati. In ya ƙara da ɗaga tayar gaba ranar rakiyar ango, to ya zama farfesa. Makarantar kuwa ta yamma guda ce. Bayan la'asar a filin ƙwallo yayan abokinka zai nuna maka giya da totur, ya tunkuɗa ka, ka faɗi, ka tashi, kafin magariba an yaye ka. Birki kuma za ka gano inda yake da kanka, ranar da akuya ta gitta.

To ka ɗauko wannan farfesa, ka jera masa gwangwanayen madara shida, ka ce ya ratsa tsakaninsu a giya ta ɗaya, sannu a hankali, kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Nan za ka ga ikon Allah. Kan babur zai kama rawa, ƙafafu biyu su sauko suna sharar ƙasa, silifas ɗaya ya tsinke, gwangwani na uku ya baje. Sai gogan naka ya sauka, ya matsa taya da babban yatsa, ya ce iska ce ta yi ƙasa. Ɗan babur ba ya laifi. In ba taya ba ce yashi ne, in ba yashi ba ne bakin mutane ne.

Maganar gaskiya, babur mai gudu shi yake tsayar da kansa, na samansa ɗan rakiya ne kawai. Sai gudu ya ragu aikin yake dawowa hannun mutum. Shi ya sa a Ingila kashi na farko na gwajin lasisin babur a fili ake yin sa, ba a kan titi ba: a ratsa tsakanin alamomi, a zana lamba 8, a yi tafiya daidai da takun mai tafiya da ƙafa, a juyo da babur a ƙunci ba tare da dire ƙafa ba. Da za a kawo wannan fili bakin Kantin Kwari, da an ga manyan gwanaye suna neman uzurin zuwa salla.

Alhali abin ba tsafi ba ne. Totur kaɗan, a bar shi a wuri ɗaya, ba a ta murzawa ana saki don 'yan mata su waiwayo ba. Kuloci a riƙe shi daidai inda ya fara kamawa, shi ne mai ba ka ƙarfi ko ya rage. Saurin kuwa da birkin ƙafa ake daidaita shi, a ɗan taka shi a hankali. Wanda ya damƙi birkin hannu alhali ya karya kan babur, ƙasa zai sha, ko ɗan gidan wane ne. Gwiwoyi su manne da tanki. Sannan babban abu, ido. Babur inda kake kallo yake zuwa. Ka kalli kwata, kwata za ka shiga. Mutanenmu kuwa ko dai suna kallon tayar gaba, ko suna kallon majalisa su ga wa yake kallonsu. Madubi ba a maganarsa, tun ranar da aka sayo babur ake kwance shi, wai yana ɓata kwalliya.

A Najeriya lasisin babur shi ne rukunin A. Jami'an VIO ke gwada mutum, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke fitar da katin. Amma ka tambayi saurayi ko yana shirin gwaji, sai ya ce maka yana da mutum. Kowa yana da mutum. Mutumin nan dai ba ya biyo ka cikin cunkoson Sabon Gari lokacin da salansarka mai zafi ta lashi ƙaurin wata baiwar Allah da ta fito cefane. Mu ne fa da aka tilasta hular kwano a farkon 2009, wasunmu suka kifa ƙwarya a ka suka ɗaure da igiya suka hau titi. Dabarar kauce wa doka ba mu da na biyu, dabarar juya babur a lungu ce ta gagare mu.

Don haka, Malam farfesa, gobe da sassafe kafin 'yan kallo su farka, nemi fili mai ƙasa tauri, jera gwangwanayenka, sa takalmi mai rufe ƙafa da hular kwano ta gaske, ka yi ta zagaye hagu da dama har ƙafa ta daina neman ƙasa. Kuma don Allah ka mayar da madubin nan.