Yadda Surukina Ya Same Ni da Goyo

Jiya bayan la'asar uwargida ta shiga maƙwabta ta'aziyya, ta bar mini ɗanmu na fari, wanda bai daɗe da yin arba'in ba, ta ce barci yake, yanzu za ta dawo. Ko zaure ba ta kai ba ya tsala ihu.

Ni kuwa, alhamdu lillahi, na sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, na kuma yi nisa cikin Risala, amma tun daga babin tsarki har babin gado ban taɓa cin karo da faslin da ya yi bayanin hukuncin namijin da aka bari da jariri ba. Na yi masa tofi da Falaƙi da Nasi, na duba cibiya, na kakkaɓe shimfiɗa ko cinnaka ce, na saɓa shi a kafaɗa ina bubbuga bayansa ko ya yi gyatsa, sai ya amayo mini tumbuɗi cikin wuyan riga, ya numfasa, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ungozoma dai ta taɓa faɗa mana cewa wajen mako shida kukan jarirai yake kai maƙura, galibi da yamma, ba ya lafawa sai sun kai wata uku ko huɗu. Ilmi ne mai kyau, illa dai ba ya toshe kunne.

Ana haka sai na ji gyaran murya ta bayan katanga. Dattijon maƙwabcinmu ne, mai sayar da goro, wanda yake da 'ya'ya da jikoki cike da gida, amma ban ji wanda ya shaida ya taɓa ɗaukar ɗaya daga cikinsu ba.

"Malam, kukan jariri kashi biyu ne. In ba yunwa ba, to, ƙoshi."

"Baba, wannan wanne ne?"

"Ɗaga shi sama in saurara."

Na ɗaga shi. Dattijon ya yi shiru yana nazari, tsawon abin da mutum zai yi raka'a biyu, sa'an nan ya ce, "Wannan kam akwai saɓani. Abin da ya fi rinjaye, ka miƙa shi ga uwarsa." Na ce ai ba ta nan. Ya ce, "To, ka zama ita. Ɗaura zanenta, ka goya shi, ka yafa mayafinta, in ya ji ƙamshinta sai ya ɗauka ta dawo."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Na ɗaura zanen a kan riga, na tamke da majanyi, na lulluɓa mayafi, na shiga zagaya tsakar gida ina rausaya, ina jijjiga ƙugu, ina rera abin da ba waƙa ba ne, ba kuwa karatu ba.

Ashe surukina ya iso daga Zariya, ya yi ta sallama a zaure kuka ya hana ni ji, har mai goro ya ba shi fatawa ya shiga kawai. Sai na ji murya a bayana: "Ke, ina mijin naki?"

Na juyo. Gemuna ne ya fara fitowa daga cikin mayafin.

Jama'a, mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, wanda nake tuɓe takalmi tun daga nesa in na hango shi, shi ne tsaye da carbi a hannu, ga ni cikin zanen 'yarsa, ƙugu bai gama tsayawa ba, ina goye da ɗan fari wanda a al'ada ko sunansa bai kamata a ji a bakina ba. Kuma a daidai wannan lokaci yaron, wanda kukansa ne kaɗai hujjata a gaban Allah da mutane, ya yi tsit. Na durƙusa in gaishe shi, sai na ji wani ɗumi yana gangarowa ta gadon bayana, yana ɗiga ƙasa tsakanina da shi. Ya dubi ƙasa, ya dubi gemu, ya ce, "Sannu da aiki, Malam."

Daga bayan katanga mai goro ya ɗaga murya: "Ka ji ya yi shiru ko? Kada ka cire mayafin!"

Surukina bai kwana ba.